Wa Zai Tsaya Masa?

Kowace shekara in Kirsimeti ya matso, zumuntar mata da ƙungiyar matasa sukan tara shinkafa da sabulu da tsofaffin tufafi, mu ɗauki mota daga Yassa mu nufi babban kurkukun New Bell. A shiga, a raira waƙa, a yi wa'azi daga Matiyu sura 25, a raba kaya, a fito kafin la'asar. Ran Lahadi mai sanarwa ya karanta sunayen waɗanda suka tafi, jama'a su tafa. Ni ma na sha tafiya, ban kuwa ce a daina ba, gama mai jin yunwa ba ya raina loma. Amma ina da ƙara a kanmu, 'yan'uwa, zan kuwa kai ta a fili.

Bara aka kama wani saurayi na cikinmu, ɗan acaɓa, da wayar hannu wadda ba tasa ba. Bai yi musu ba. Laifinsa na fari ke nan, uwarsa gwauruwa ce mai sayar da ƙosai. Lauya ya gaya mata cewa in an sami mutum sananne, mai gida da sana'a, wanda zai sa hannu ya tsaya wa yaron, ana iya roƙon alƙali ya bar shi ya jira shari'a a gida. Matar nan ta bi dattawan ikkilisiya ɗaya ɗaya. Wannan ya ce zai yi addu'a a kai. Wancan ya ce ba ya son sunansa ya shiga takardar kotu. Da ta zo wurina na ce mata, "Mama, bari in yi shawara," shawarar kuwa ba ta ƙare ba har yau. Yaron ya yi wata tara a tsare. A cikin watannin nan ne muka kai shinkafarmu ta Kirsimeti, muka tafa wa kanmu.

Wanda ya tsaya masa daga bisani wani tsohon tela ne da ke zama a bencin baya, ba dattijon ikkilisiya ba ne, ba a taɓa ba shi karatun Littafi a sujada ba. Shi ya sa hannu, ya ba yaron tabarma a shagonsa, ya zaunar da shi gaban keke. Ba a karanta sunansa a sanarwa ba. Irin wannan mutum, da dukan masu aiki irin nasa, su nake so mu koyi girmamawa.

Kowa a Duwala ya san halin New Bell. Tun zamanin Turawa aka gina gidan, domin mutanen da ba su kai dubu ɗaya ba, amma an sha ƙirga fiye da mutum 3,000 a ciki. A ƙarshen Yuni 2008 aka harbe fursunoni fiye da goma sa'ad da suka yi ƙoƙarin gudu, a watan Agusta na shekarar kuma gobara ta ci rayuka tara. In babban mutum ya shiga, duniya takan ji: an ji labarin ɗan jarida Pius Njawé da aka kulle a can daga ƙarshen 1997, an ji na mawaƙi Lapiro de Mbanga da aka ɗaure a 2008. Amma yawancin waɗanda ke kwance a tsakar gidan ba mai rubuta sunansu. Shekara da shekaru, fiye da rabin mutanen da ke kurkukun Kamaru masu jiran shari'a ne, wato ba alƙalin da ya riga ya ce sun yi laifi. Da yawa talauci da rashin mai tsaya musu ne suka riƙe su. Yaron da ya shiga saboda waya ɗaya yana cin tuwo da 'yan fashi, yana kwana kusa da su, su ne malamansa dare da rana. Me muke tsammani zai koyo?

Akwai wata hanya, ba kuwa baƙuwa ba ce ga ikkilisiya, gama a hannun talakawa masu tsoron Allah ta soma. A shekarar 1841, a birnin Boston na Amurka, wani baduku mai ɗinkin takalma, John Augustus, ya roƙi alƙali ya ba shi wani mashayi da za a ɗaure. Ya tafi da shi, bayan mako uku ya komo da shi kotu cikin hankalinsa, alƙali ya ci shi tarar sisin kwabo ya sallame shi. Kafin badukun nan ya mutu a 1859 ya tsaya wa mutane kusan 2,000, ba albashi, maƙwabta suna zaginsa wai yana ɗaure wa ɓarayi gindi. A 1878 jiharsu ta mai da aikin doka. A Ingila kuma, cikin 1876, wani ma'aikacin ɗab'i mai suna Frederic Rainer ya aika sule biyar ga ƙungiyar yaƙi da shan giya ta Ikkilisiyar Ingila, yana roƙo a yi wani abu domin waɗanda ke shiga kurkuku su fita su sāke shiga. Da wannan aka fara tura 'yan mishan zuwa kotunan Landan, alƙalai suna danƙa musu masu ƙananan laifofi. A 1907 gwamnati ta karɓi aikin. Abin da ake kira ɗaurin talala ke nan: mai laifi yana zaune a gida, yana sana'arsa, amma da igiya a ƙafarsa, da kuma mutumin da ke riƙe da bakin igiyar, yana duba shi, yana yi masa gargaɗi, yana kai rahoto ga kotu.

Kada wani ya ce abin Turawa ne kawai. Zimbabuwe ta soma sa masu ƙananan laifofi aikin al'umma tun farkon shekarun 1990, Kenya ta yi dokarsa a 1998, Nijeriya a 2019 ta buɗe sashen hukunci ba tare da ɗauri ba cikin hukumar gyaran hali. Mu ma a Kamaru muna da shi a rubuce. Dokar laifuffuka ta 12 ga Yuli 2016 ta ba alƙali iko, a kan laifin da hukuncinsa bai kai shekara biyu ba, ya sa mutum aikin al'umma ba lada na sa'a 200 zuwa 240, ko kuwa ya sa shi ya biya wanda ya cuta, maimakon kurkuku. Aka yi murna, sa'an nan shekaru suka yi ta wucewa ana jiran takardar da za ta bayyana yadda za a aikata. Wannan laifin hukuma ne, ba na ɓoye shi. Amma ko an sa hannu a kan takardu ɗari, alƙali ba zai saki yaro ga iska ba. Sai ya ga mutum tsaye.

Mu Hausawan Duwala muna da abin kunya na musamman a nan. Bayan da Jamusawa suka ƙwace filayen bakin ruwa, suka rataye Rudolf Duala Manga Bell a 1914, New Bell ta zama unguwar baƙi, kakanninmu fatake suna cikinsu. Da me baƙo ya rayu a zango? Da mai gida. Mai gida ne yake saukar da shi, ya kai shi kasuwa, ya ce wannan nawa ne, in ya ci bashi a zo wurina. Da wannan kalma aka yi cinikin goro da shanu daga Arewa har bakin teku. Har yanzu in rigima ta tashi a unguwar Hausawa, sau da yawa maƙwabtanmu Musulmi sukan kai ta gaban mai unguwa ko liman, a sa ɓarawo ya biya, wani babba ya ɗauki nauyinsa. Mu da muke wa'azin Mai Ceto wanda ya tsaya a madadin masu zunubi, mu ne za a rasa mai sa hannu a cikinmu?

Na san amsoshin, gama na ji su a zaman dattawa. Wani ya ce hali zanen dutse ne. In haka ne, sai mu rufe majami'a mu koma gida, gama ba abin da muke shela kowace Lahadi sai cewa Allah yana sāke zuciyar mutum. Wani ya ce, wanda aka yi wa satar fa? Tambaya ce mai kyau, ita ce ma ta fi ƙarfi. To, mu duba. Macen da aka sace mata jari a Kasuwar Kongo, in an ɗaure ɓarawon shekara guda, sefa nawa ke komowa hannunta? Ko ɗaya. Shari'ar Musa cikin Fitowa sura 22 ba ta aika ɓarawo kurkuku ba, biya ta sa shi ya yi, har da ƙari. Zakka mai karɓar haraji ma da mayar da abin mutane ya nuna tubarsa. Mai ɗaurin talala yana aiki, daga aikin nan ake cire hakkin wanda ya cuta.

Wani dattijo, mai karatu ƙwarai, ya buɗe mini Karin Magana inda aka gargaɗi mutum kada ya ɗauki lamunin baƙo. Gaskiya ne, yana nan a rubuce, kuma tsayawa da haɗari: yaro yana iya gudu ya bar ka da kotu. Ban ce a tsaya wa kowa ido rufe ba. Mai kisa, da ɗan fashi da makami, da mai lalata yara, wurinsu a tsare ne, ba na jayayya. Amma Littafin da ya yi wannan gargaɗi shi ne ya nuna mana Yahuza yana lamunin Biliyaminu da ransa, da Barnaba yana kama hannun Shawulu sa'ad da dukan almajirai suke tsoronsa, da Bulus yana rubuta wa Filimon cewa bashin Unisimas, bawan da ya gudu, a ɗora a kansa. Yaron da aka yi wa baftisma a gabanmu ba baƙo ba ne. Mun riƙe aya ɗaya domin ta dace da tsoronmu.

Akwai kuma waɗanda suka mai da wannan aiki sana'ar ransu, ba ma ko sanin fuskokinsu. Ma'aikatan jin daɗin jama'a da ke bin yaran da kotu ta sake, unguwa unguwa cikin ruwan sama. Masu hidimar kurkuku na ikkilisiyoyi, waɗanda ba su jiran Disamba. Lauyoyin da ke tono takardun mutumin da aka manta, ba ko sisi. Ƙungiyar Kirista masu yaƙi da azabtarwa, wato ACAT, wadda Madeleine Afité ta shugabanci reshenta a nan Duwala, ta yi magana a shekarun 2000 da 2001 sa'ad da ake kwashe samari su ɓace, kamar yadda marigayi Kardinal Christian Tumi ya yi. Mukan ba ɗan kasuwar da ya saya mana janareta kujerar gaba. Yaushe muka taɓa gayyatar ɗaya daga cikin waɗannan, muka yi masa addu'a, muka tambaye shi abin da yake bukata?

Ga abin da zan kai gaban dattawa a zama mai zuwa. A rubuta sunayen masu sana'a na cikinmu, tela da kafinta da makaniki da mai walda, waɗanda za su karɓi yaro ɗaya ɗaya. A keɓe baikon Lahadi guda domin kuɗin lauya da na mota zuwa kotu. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su san hanyar kotu, domin kada wata gwauruwa ta sāke yawon ƙofa ƙofa. In kuwa ranar aikin al'umma ta zo, a same mu da jerin ayyuka a hannu. Lambatun da ke toshewa kowace damina kaɗai sun isa sa'a 240. Sunana zan fara sawa, gama ni ne na ce zan yi shawara.

Yaron yana nan a shagon tela. An yanke masa hukunci daidai da watannin da ya riga ya yi. Ya iya sa zif, bai iya yanka ba tukuna. Watan jiya ya ɓace kwana uku, tsohon ya rufe shago ya bi shi har Ndokoti, ya komo da shi ba tare da ya gaya wa kowa ba sai uwarsa. Kowace Asabar yakan cire wani abu daga ladan yaron ya kai wa mai wayar da kansa. Saura sefa 15,000.