Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Kwashe Kuɗi: Abin Da Aka Yi Wa Florida State A 2023

Na san da yawa daga cikinku kun leƙo ne domin jin ci gaban labarin da ake kawo muku babi-babi, sai ga shi kun yi kiciɓis da zancen ƙwallo, ƙwallon ma ba irin wadda muka saba gani a gidajen kallo ba, a'a, zari-ruga irin ta Amurka da ɗaliban jami'o'i ke bugawa. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Ku yi mini afuwa ku biyo ni. Duk wanda ya taɓa yin jifa da littafi saboda marubucin ya sa gwarzon labari ya cika duk sharuɗɗan da aka gindaya masa, sannan a shafin ƙarshe aka ɗaura auren da wani daban ba tare da wani dalili daga cikin labarin ba, to ya san irin takaicin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Wani ɗan yayata da ya yi karatu a can shi ya jawo ni cikin kallon wannan wasa, har ta kai ina hana idona barci saboda shi. Ga yadda abin yake a taƙaice. Manyan jami'o'in Amurka da ke buga wasan a matakin ƙoli sun haura 130, an karkasa su rukuni-rukuni, kowace takan buga wasa 12 daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, sannan a buga wasan fitar da zakaran kowane rukuni. Da yake ba zai yiwu kowa ya kara da kowa ba, daga 2014 zuwa 2023 sai aka ɗora wa wani kwamiti na mutum 13 alhakin zaɓar ƙungiya huɗu rak da za su shiga zagayen sili ɗaya ƙwale domin fitar da zakaran ƙasa. Kwamitin yakan zauna ne a wani otal a garin Grapevine na jihar Texas, ƙofa a rufe, ba a bayyana wa ya zaɓi wa.

To, ƙungiyar Jami'ar Jihar Florida, wadda aka fi sani da Florida State, da ke birnin Tallahassee, tsohon gida ne da ya taɓa ɗaukar kofin ƙasa sau uku, a 1993 da 1999 da 2013, daga baya ya durƙushe. A 2020, shekarar farko ta kociyansu Mike Norvell, wasa uku suka ci aka cinye su shida. A 2021 suka ci biyar aka cinye su bakwai. A 2022 suka farfaɗo da nasara goma. Jagoran wannan farfaɗowa shi ne Jordan Travis, mai jefa musu ƙwallo, wato wanda suke kira kwatabak, wanda ta hannunsa kusan duk wani hari ke farawa.

Da kakar 2023 ta kama, wasansu na farko da LSU ne, ƙungiyar da mai jefa mata ƙwallo, Jayden Daniels, shi ya zo ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon shekarar. Florida State ta lallasa su 45 da 24. Suka bi Clemson har gida suka doke ta 31 da 24 bayan ƙarin lokaci. Haka suka yi ta yi har wasa goma ba wanda ya kai su ƙasa. Ranar 18 ga Nuwamba, a wasa da wata ƙaramar makaranta mai suna North Alabama, Travis ya ruga da ƙwallo aka kayar da shi, ƙafarsa ta hagu ta karye mummunar karaya a gaban dubban jama'a. A lokacin ana cin su 13 da nema. Abokan wasansa suka share hawaye suka tashi wasan 58 da 13.

Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mako na gaba suka je Gainesville, gidan babbar abokiyar gabarsu Jami'ar Florida, da mai jefa ƙwallo na biyu, Tate Rodemaker, suka ciwo wasa 24 da 15. Shi ma Rodemaker ya samu buguwa a ka a wannan wasa. Saboda haka ranar 2 ga Disamba, a wasan fitar da zakaran rukuninsu na ACC, sai yaro na uku, Brock Glenn, ɗan shekarar farko a jami'a, shi ya ja ragama a karawa da Louisville. Na kalli wasan nan tun ƙarfe biyun dare har kusan asuba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, harin Florida State bai yi kyan gani ba sam. Amma masu tsaron bayansu suka zama katanga, suka hana Louisville sakat, aka tashi 16 da 6. Wasa 13, nasara 13, ga kofin rukuni a hannu.

Washegari Lahadi, daf da magariba a agogonmu, kwamiti ya fito da sunaye: Michigan, Washington, Texas, Alabama. Biyun farko ba a taɓa cin su ba, ba mai jayayya a kansu. Amma Texas da Alabama kowace an doke ta sau ɗaya. Florida State aka ajiye ta ta biyar, a bakin ƙofa. Tun da aka kafa wannan tsari ba a taɓa barin zakaran ɗaya daga cikin manyan rukunai biyar a waje ba alhali ba a ci shi ko sau ɗaya ba, sai a kansu. Shugaban kwamitin, Boo Corrigan, ya fito talabijin ya ba da hanzarin cewa ƙungiyar ba ita ce dai ta da ba tun da ta rasa Travis.

Ni dai a wurina wannan zalunci ne, kuma hujjojina daga aikin kwamitin da kansa zan ciro su.

Da farko, kwana biyar kafin wannan hukunci, ranar 28 ga Nuwamba, shi wannan kwamiti ya fitar da jerinsa na mako, ya sa Florida State ta huɗu, Texas ta bakwai, Alabama ta takwas. A ranar Travis ya yi kwana goma da karyewa, duniya duk ta san ba zai dawo ba, kuma sun riga sun ga yadda ƙungiyar ke wasa ba shi. Me ya sauya cikin kwana biyar? Abu ɗaya Florida State ta yi: ta ci wasa, ta ɗauki kofi. Ladan cin wasan shi ne aka sauko da ita mataki guda. In karayar ce dalili, me ya hana ta zama dalili tun ranar Talata sai ranar Lahadi, bayan da Alabama ta doke Georgia aka rasa inda za a cusa ta?

Na biyu, masu kare kwamiti sukan ce aikinsa shi ne zaɓar ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi, ba waɗanda suka fi cancanta ba, kuma a ƙa'idojinsa akwai sakin layin da ya yarda a duba rashin wani muhimmin ɗan wasa. Gaskiya ne, sakin layin yana nan. To amma in ƙarfi ake bi, ina aka kai Georgia, wadda ta ɗauki kofin ƙasa sau biyu a jere, ta ci wasa 29 ba tsayawa, sannan aka doke ta da tazarar maki uku kacal? Ta shida aka sa ta, ƙasa da Florida State! Wato a wajen kwatanta su da Georgia an yi awo da mudun cancanta, a wajen kwatanta su da Alabama kuma an yi da mudun ƙarfi. Ɗan kasuwar da ke da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, kowa ya san sunansa.

Na uku, ita Alabama ɗin fa? Ba na rage mata komai, doke Georgia ba ƙaramin aiki ba ne, kuma jadawalinta ya fi tsauri. Amma Texas ta bi ta har gida ta ci ta 34 da 24. Mako guda kafin wasan Georgia, sai da ta kai ga jifa ɗaya ta ƙarshe daga nisan yadi 31, saura ƙasa da minti guda a tashi, kafin ta kuɓuta daga hannun Auburn, ƙungiyar da New Mexico State ta wulaƙanta a gida mako guda kafin nan. LSU ɗin da Florida State ta ci da tazarar 21, Alabama da tazarar 14 ta ci ta. Duk wannan aka kira shi jarumta da dagewa. Amma da Florida State ta ci wasa biyu da kyar da 'yan benci, sai aka kira shi rauni.

Na huɗu, wa ya ba mutum 13 sanin gaibu? A 2014 Ohio State ta rasa masu jefa ƙwallonta biyu, kwamiti ya shigar da ita da na uku, Cardale Jones, kuma ita ta ɗauki kofin, bayan ta doke ita wannan Alabama. Za a ce ai su sun ci Wisconsin 59 da nema ne. To ashe ke nan ba nasara ake lissafawa ba, ƙawa ake lissafawa. Ku da kuka fi sanin ƙwallon ƙafa, ku tuna wasan ƙarshe na kofin Turai a 2016. An fitar da Cristiano Ronaldo yana kuka tun kafin a yi rabin awa. Da wani kwamiti ne zai yanke hukunci a wannan minti, da Faransa zai miƙa wa kofi, kuma da kowa ya ce ya yi daidai. Sai aka bar fili ya yi alƙalanci, Eder ya jefa ƙwallo ɗaya, Fotugal ta tafi da kofi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Dalilin da ya sa ake buga wasa ke nan tun asali, in ba haka ba sai a zauna a lissafa taurari a raba kofi tun watan Agusta.

Na san inda mai gardama zai nufa. Zai ce ai ranar 30 ga Disamba Georgia ta yi wa Florida State dukan kawo wuƙa a wasan Orange Bowl, 63 da 3, wannan bai isa shaida ba? Bai isa ba. 'Yan wasa sama da ashirin ba su buga wannan wasa ba. Wasu sun janye domin kare jikinsu kafin a ɗauke su a gasar ƙwararru ta NFL, wasu sun kama hanyar sauya makaranta, shi kansa Rodemaker yana cikinsu. Ka ce wa matasa nasararku 13 ba ta da amfani, sannan ka yi mamakin sun ƙi sa ƙashinsu a haɗari a wasa na 14? Ai wannan kashin da aka sha ɗan cikin hukuncin ne, ba zai juyo ya zama shaidar uwarsa ba. Ita kuma Alabama da aka ce ita ta fi dacewa, Michigan ta fitar da ita a wasan farko, 27 da 20 bayan ƙarin lokaci. Mai yiwuwa da Florida State ce ta fi haka shan kashi. To sai me? Haƙƙinta ne ta sha kashinta a fili, a hannun 'yan wasa, ba a ɗakin otal a hannun masu kwat ba.

Ban ce an ba kowa cin hanci ba, kuma ba sai an kai ga haka ba. Gasar nan haja ce da aka sayar wa gidan talabijin na ESPN a kan maƙudan daloli, kuma rukunin SEC, inda Alabama take, bai taɓa rasa wakili a gasar ba tun da aka fara ta. Idan kowa a ɗaki ya saba jin cewa gasa ba SEC kamar miya ba gishiri ce, kuma kowa na fargabar wasan da 'yan kallo za su kashe talabijin tun kafin hutun rabin lokaci, to hannu zai karkata da kansa ba sai an murɗe shi ba. A nan ne alƙali ke rikiɗewa ya zama mai shirya fim, yana zaɓar fuskar da za ta sayar da kaset. Yara su karya ƙafa, manya su raba riba: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne saƙon da Travis ya wallafa a ranar. Ma'anarsa ita ce ya so a ce tun farkon kaka ƙafar ta karye, domin mutane su ga ƙungiyar ta wuce mutum ɗaya, har ma ya ba da haƙuri. Ku duba fa, yaro kwance da karaya yana neman afuwa saboda bai karye a kan kari ba. New York Jets ta ɗauke shi a 2024, ƙafar ba ta koma daidai ba, a watan Afrilun 2025 ya yi ritaya bai buga ko wasa ɗaya na ƙwararru ba. Dama ɗaya tilo da yake da ita ta ganin ƙungiyar da ya gina ta nemi kofin ƙasa, ko da daga gefen fili ne da sanda a hammata, ita ce aka ƙwace da sunansa.

Daga kakar 2024 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya 12, abin da aka riga aka tsara tun kafin wannan rikici, aka kuma ware gurabe domin zakarun rukunai. Ga 'yan 2023 dai ihu ne bayan hari; a 2024 ƙungiyar ta watse, wasa biyu ta ci aka cinye ta goma. Kuma kwamitin bai mutu ba, shi aka bar wa jera sunaye da cike sauran gurabe.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka ji an ce wancan ya fi cancanta amma wannan ya fi dacewa, ko a filin wasa ne, ko a gasar rubutu, ko a wajen ɗaukar aiki, ka tsaya ka tambaya: wa ya riƙe mudun, kuma da shi aka auna kowa? Wanda ya ga kuskure a lissafina ya kawo nasa, ƙofa a buɗe take, ba irin ta Grapevine ba. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.