Martani: Kujerar Kotun Ƙoli ba gadon gida ba ce

Wani marubuci a nan Kaduna ya ce a bar zaɓen alƙalan Kotun Ƙoli yadda yake: a ɗauko daga Kotun Ɗaukaka Ƙara bisa jerin girma, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta tace, domin hakan ke hana 'yan siyasa tsoma baki.

To, Malam, wa ke tace masu tacewar? Alƙalin Alƙalai ne ke shugabantar hukumar da ke tsara sunaye, shi ke shugabantar majalisar da ke tantance su, shi kuma ke naɗa mafi yawan mambobinta. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya koka da wannan tarin iko a jawabinsa na ban kwana da Kotun Ƙoli a Oktoban 2023. Shi ma ɗan siyasa ne?

Ina ka samo sharaɗin Kotun Ɗaukaka Ƙara? Sashe na 231 na Tsarin Mulkin 1999 shekara 15 da zama lauya kawai ya nema. Taslim Elias, malamin jami'a kuma ministan shari'a, ya zama Alƙalin Alƙalai a 1972. Augustine Nnamani ya shiga Kotun Ƙoli a 1979 daga ofishin Antoni Janar. Me ya hana yau?

Alƙalai 11 da Majalisar Dattawa ta amince da su a Disambar 2023 duk daga Kotun Ɗaukaka Ƙara suka fito. Ɗan kasuwar Kaduna da shari'ar filinsa za ta ƙare a gabansu bai ji dalilin zaɓen ko ɗayansu ba.

A bayyana sunaye da wuri, a saurari ƙorafin jama'a, a buɗe ƙofa ga lauyoyi da malaman jami'a.