Lissafin Jinka: Faɗi Ya Fi Tsayi Cin Shuci

Da zarar bazara ta kama, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, sai ka ga magidanta a karkara sun duƙufa wajen baibayar ɗakuna. A nan ne mutum kan rushe ƙaramin kago ya gina wanda ya ninka shi faɗi, ya sayo shuci ninki biyu, yana zaton ya gama. Aiki bai kai ko'ina ba sai ciyawa ta ƙare, ga hadari a ka, ga tsada a kasuwa.

Jinka siffar mazurari gare ta, watau gindi da'ira, kai tsini. Masanin nan na Girka, Akimidis, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya tabbatar da yadda ake auna jikin irin wannan siffa. A ɗauki rabin faɗin gindi, a ninka shi da tsawon gangare daga tsini zuwa baki, sa'an nan a ninka da 22 bisa 7.

Alal misali, ɗaki mai faɗin ƙafa 12, tsayin jinkarsa ƙafa 8. Rabin faɗi 6 ke nan, gangare 10, jikin jinka kuwa kimanin murabba'in ƙafa 189. In aka ninka tsayin kaɗai ya zama 16, sai lissafi ya tashi 322, bai ma kai ninki biyu ba. Amma in faɗin aka ninka ya zama 24, tsayi na nan yadda yake, sai ya haura zuwa 544, kusan ninki uku.

Dalili kuwa shi ne faɗi sau biyu yake shiga lissafin: yana buɗa da'irar gindi, yana kuma ja gangare. Tsayi gangare kawai yake ja.

To, maginin kirki ba zai yarda ya faɗaɗa ɗaki ya bar jinka a kwance ba, domin ruwa zai riƙa zama a kanta har ta ruɓe ta soma yoyo. Tilas ya ɗaga ta. In ya ninka faɗi da tsayi duka, murabba'in ƙafa 754 ke jiransa, ninki huɗu cif. Wanda dami 10 ya ishe shi a tsohon ɗaki, 40 zai nema a sabon, ban da ƙarin gora da igiya da ladan masu yanta.