Maryam ba 'yar Italiya ba ce

Daga Kotobabi har Nima, duk mai tallan hoton Nana Maryam rungume da jaririnta fuska ɗaya yake nuna mini: Baturiya fara sol. Ban ga laifin Raphael ba, wanda ya rasu a 1520; matan Italiya ya sani, su ya zana. Habashawa kuwa tun zamanin Sarki Zara Yakob, ƙarni na 15, masu zanensu ke zana ta da salonsu. To maƙwabtanmu Kiristoci, masu zanen Ghana sun ƙare ne? 'Ya'yanku da namu tsakar gida ɗaya suke wasa, suna tasowa da zaton tsarki farar fata ne. A 2016 Ghana ta haramta man bilicin mai sinadarin hydroquinone. Hoton da ke bango kuwa yana nan rataye.