Mun kai gareji yaron da ya faɗi jarrabawa, muna mamakin motar da ta ƙi tashi

Babu ciwon mota mai cin rai kamar wanda ke zuwa ya tafi. Tsohuwar mota mai shan mai biyu, esansi da gas, ta tashi lafiya Litinin, Talata ta ƙi, Laraba a tura ta gareji ta tashi da murɗi ɗaya kamar tana yi wa mai ita dariya. Abin da ke biyo baya kowa a Gaya ya san shi. Yau a canza buji, wanda maƙwabtanmu na Kamba ke kira fulogi, gobe batir, jibi famfon mai. Idan aljihu ya ƙare sai a ce gas ɗin ne, ko a ce hannu aka sa mata. Wannan caca ce ake yi da kuɗin abincin gida, kuma babban kason laifin yana wuyanmu, mu malamai da iyaye.

Garinmu na bakin iyaka ne. Shekara da shekaru tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano ta gadar Malanbil suka riƙa shigowa, wasunsu da tankin gas a gurbin tayar safaya. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, man ruwa-ruwa ya daina arahar da aka saba, gwamnatin can kuma ta shiga kiran direbobi su koma gas. Motocin nan za su ƙaru a hanyoyinmu. Wa muka shirya ya gyara su?

Ga yadda mai tunani ke fuskantar irin wannan ciwo. Kafin ya ɗauki sifana, tambaya yake yi. Idan an murɗa makulli, injin yana juyawa ko ƙas kawai ake ji? In ƙas ne, babu ruwan esansi, babu ruwan gas. A duba kawunan batir, da wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da abin tayar da injin. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6, kuma in ya faɗi ƙasa da 10 lokacin tayarwa, an sami bakin zare. In injin yana juyawa amma bai kama ba, abu uku ake nema: tartsatsi, mai, iska.

Yawancin motocin gas masu allurar mai da esansi suke tashi, sai ruwan lagireto ya ɗumama na'urar da ke rage ƙarfin gas, wajen digiri 30 zuwa 40, sannan su juya da kansu. Ke nan motar da ta ƙi tashi da safe ba ta ma kai ga gas ba tukuna. Sau da yawa ɓangaren esansin ne aka yi wa riƙon sakainar kashi: direba ya bar tanki kusan wayam, ɗan man da ya rage ya tsufa, famfon da man ke sanyaya shi ya gaji. A buɗe makulli a kasa kunne. Lafiyayyen famfo yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu. Ranar da aka ji shiru kuma motar ta ƙi, sai a bi fis da rile da wayoyin famfon kafin a saye sabo.

Sai tambayar lokaci. Motar da ke ƙin tashi bayan doguwar tafiya a zafin Afrilu, ta huce ta tashi, tana nuna wani abin lantarki da zafi ke kashewa, kamar koyil ko na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota juyin injin. Wadda ke wahala bayan ta kwana, ana jin warin gas a bakin injin, mai yiwuwa bawul ɗin gas ne ke yoyo ya cika hanyar iska. Wadda ke lafiya a esansi ta riƙa tari a gas, a fara da buji da wayoyinsa, domin gas ya fi esansi buƙatar tartsatsi mai ƙarfi. A kowane hali doka ɗaya ce: a rubuta ranar, da yanayin, da man da ake kai, a taɓa abu ɗaya kawai, a jira a gani.

'Yan'uwana malamai, ku sake karanta wannan. Lura, zato, gwaji, rubuta sakamako. Ba shi ne darasin da aka koya mana a makarantar horon malamai mu koyar ba? Mu kuwa me muke yi a aji? Mu cika allo, yara su kwafe, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Yaro ya yi shekara goma a lakwal bai taɓa haɗa batirin tocila da waya da ƙwan fitila ya gano dalilin da ya hana ta kamawa ba. Wanda ya ce "mushe, me ya sa?" mu ce ya cika surutu.

Ku kuma iyaye, wane ɗa kuke kai wa gareji? Wanda ya faɗi BEPC, ana tafe ana yi masa gori. Mai ƙoƙari a ajiye shi don ofis ɗin da babu. Sannan ku ɗauki motar da ke kai mai naƙuda asibiti, da wadda ke kai kaya Dosso, ku miƙa wa wanda kuka riga kuka gaya masa ba shi da kai. In kun je gyara, bakanike ya yi awa biyu yana awo ya gano waya ce ta saki, sai ku ce bai yi komai ba, ku ba shi na goro. Wanda ya cire lafiyayyen famfo ya sa wani, shi kuke ƙirga wa jikkuna kuna godiya. Ku kuka koya musu cewa tunani ba ya kawo kuɗi.

Za a ce ai akwai tsofaffin iyayen gida a gareji da ba su taɓa shiga aji ba, amma da kunne kawai suke gane ciwon inji. Gaskiya ne, ina kuma girmama su. Sai dai kunne yana jin ciwon da ke nan ne. Wanda ya ɓuya sai awo da rubutu ke kama shi, kuma motar da kwamfuta ke sarrafa ta ba ta magana da kunne kamar mai kafireta.

Ga kuma haɗari. Gas iri biyu ne. Na girki, irin wanda matatar Zinder ke fitarwa tun 2011, ƙarfinsa a tulu bai cika wuce ba 10 ba. Wanda Najeriya ke yayatawa, CNG, ana matsa shi har ba 200. A Oktoba 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, saboda tulun da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba. Yaron da bai san bambancin waɗannan lambobi biyu ba, bai kamata ya taɓa bututun gas ba.

Abin da nake nema ba ya jiran minista. Kowane malami ya ware awa ɗaya a mako da yara za su nemo dalilin lalacewar wani abu da hannunsu. Uban da ke son ɗansa ya koyi kanikanci ya bar shi ya ƙware a karatu da lissafi, ya nema masa gurbi a cibiyar koyon sana'a ko kwalejin fasaha, da alfahari. Mai mota ya ajiye ɗan littafi kusa da sitiyari, ya biya kuɗin bincike dabam da kuɗin kaya. Kafin a cire masa ko da ƙusa, ya tambayi bakanike: me ka auna, me ka gani? Wanda ya iya aikinsa zai ji daɗin tambayar.