Sharhi: Kujerun yara na mota da kiranyen da ba ya isowa Yamai

Duk wanda ya bi titin Mali Bero a unguwar Plateau da safe, lokacin kai yara makaranta, zai ga yadda akasarin iyaye ke ɗaukar 'ya'yansu: jariri a cinyar uwa a kujerar gaba, yayyensa a tsaye a baya, wasu kuma uku a kan babur. Ƙalilan ne ke ɗaure yaro a kujerar mota ta yara, kuma mafi yawan kujerun nan na hannu ne. Ko an saya a gwanjo, ko wani ɗan'uwa ya turo daga Faransa ko Amurka bayan yaransa sun girma.

Amfanin kujerar ba abin musu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba a yawan mace-macen hanya idan aka kwatanta da yawan jama'a. Matsalar ita ce kujerar ma kan fito da aibi daga masana'anta, kuma sanarwar janye ta ba ta biyo ta cikin kwantena.

A shekarar 2014 kamfanin Graco ya yi kiranyen kujeru fiye da miliyan 6 a Amurka. Makullin bel ɗin ne ke cijewa idan abinci ko abin sha ya bushe a cikinsa, har a kasa fitar da yaro da sauri. Ka ƙaddara mota ta kama wuta. A watan Maris na 2015 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, NHTSA, ta ci kamfanin tarar dala miliyan 10 saboda jinkirin sanar da aibin. Iyayen da suka yi rajistar kujerunsu an aika musu sabon makulli kyauta. Wanda ya gaji kujerar hannu na uku a Yamai, babu sunansa a ko'ina, babu mai neman sa. Makullin da ruwan lemo ya sa shi cijewa kuwa, ban ga yadda zai yi da ƙurar hunturu da kunun da yaro ya zubar ba.

Rashin kiranye ma ba shaidar lafiya ba ce. A Fabrairun 2020 kafar ProPublica ta bankaɗo cewa Evenflo ya tallata kujerarsa ta Big Kid ga yaran da nauyinsu bai kai kilo 14 ba a Amurka, alhali a Kanada sai daga kilo 18.

Abin da ya fi shafar mu shi ne sauyin da aka yi a Turai. Daga 1 ga Satumban 2024 Tarayyar Turai ta hana shaguna sayar da kujerun tsohon ma'auni na R44. Sai na R129, wanda ya wajabta gwajin karo ta gefe, da kuma zaunar da jariri yana fuskantar baya har ya cika wata 15. Ba a hana amfani da tsofaffin ba, kuma ba dukansu ne marasa kyau ba. Amma mun ga inda tsofaffin motoci da firji ke ƙarewa idan Turai ta gama da su, don haka babu dalilin zaton kujerun za su bi wata hanya dabam.

Tsohuwar kujera tana da wani ɓoyayyen ciwo. Robarta na da wa'adi, galibi shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙera ta, balle a motar da ke yini a rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40. Wadda ta taɓa shiga mummunan haɗari kuma ya kamata a jefar da ita ko da ba a ga tsagewa ba, kuma mai gwanjo bai san tarihinta ba.

Nan ne 'yan ƙasar waje ke da rawar takawa, domin su ne ke turo kayan. Kafin a sa kujera a kwantena, a duba takardar da ke manne a ƙasanta ko bayanta: sunan samfuri, lamba da ranar ƙerawa. Na Turai suna da tambari ruwan lemo. A Faransa ana bincika lambar a shafin RappelConso, a sauran Turai a Safety Gate, a Amurka a shafin NHTSA. Aikin minti biyar ne a waya. Kujerar da takardarta ta goge, ko aka rasa littafinta, ba tsaraba ba ce. Kuma kada a taɓa ɗaura mai fuskantar baya a kujerar gaba matuƙar jakar iska na aiki.

Su ma hukumomi ba sai sun gina ɗakin gwaji ba. Jerin kayan da aka janye a buɗe yake, kyauta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da jami'an duwan za su iya ɗauko shi, a mayar da shi Hausa da Zabarmanci, a karanta a rediyo, a kuma liƙa a asibitocin haihuwa, inda kowace uwa ke bi kafin ta fara shiga mota da jaririnta.