Esansi ba sabulun wanke sarƙar keke ba ne



Shekaranjiya da zan tafi gidan rediyo na tarar da ɗan maƙwabcina, ɗan lakkol, ya kifa kekensa yana wanke sarƙa da esansi cikin gwangwanin tumatir. Taku uku daga nan mai shayi na hura gawayi. Na ce masa: «Ƙanena, tashi daga nan!» Sai ya ce ai bai kai wuta kusa ba.

To nan kuskuren yake. Ba ruwan esansin ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ba ka ganinsa, har ya iske garwashi, wutar ta biyo shi ta dawo hannunka. A watan Afrilu, da zafi ke wuce 40 a Maraɗi da Damagaram, ya fi saurin tashi. Ga shi akwai sinadarin benzen a cikinsa, mai cutar da jini, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata.

Na san me za ku ce: kwalbar ruwa-ruwa na bakin kowane titi, kuma nan take take cire dauɗa. Gaskiya ne. Amma ruwan ɗumi, garin sabulu da tsohon buroshin haƙori suna wannan aikin, minti 10 kawai za ka ƙara. A goge, a ɗauraye, a shanya ta bushe sarai don kar ta yi tsatsa. In dauɗar ta kafe, ɗan gazuwal a tsumma ya fi, a fili, nesa da murhu.

Sai baƙin man da aka juye daga injin mota ko kabu-kabu. Mutane na lafta shi, wai sarƙa ta sha mai. Da ƙurar hunturu ta hau, sai ya koma kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙoranta. Ɗigo ɗaya na mai mai tsabta a kowace gaɓa ya isa, sannan a share na sama. Kar ya taɓa ƙarfen taya inda birki ke kamawa, in ba haka ba ranar da jaki ya gitta maka birki ba zai amsa ba.

A kula da yatsu kuma. Kar ka riƙe tsumma a sarƙa wani na juya feda. Tsumma ta shige, yatsa ya bi. Ka tsayar, ka goge, ka matsar da kanka.

Ruwan wankin ma kar a zubar kusa da rijiya ko inda awaki ke sha.

Iyaye da masu gyaran keke, yara ku suke kallo. Abin da suka ga hannunku na yi, shi za su yi in ba ku nan. Allah ya kiyaye mu.